Rumman da Lemo don Idon Inna

Jakunkuna na je saye Guangzhou ta ƙasar Sin a waccan tafiyar, amma hankalina yana Kano. Idon Inna, mahaifiyata, sai dushewa yake yi. Likita ya ce launi mai ƙarfi kaɗai ya rage mata, shi ma ba zai daɗe ba. Matar da ɗakinta ya sha jeren kwanuka ja da kore har rufi!

Na dawo daga kasuwar jakunkuna ta Shiling ƙafa duk ta kumbura, sai na hango wani zane a wani ɗan shago a titin Liuhua Lu. Irin na Turawan da ne, mai shagon ke kwaikwaya yana sayarwa. A cikin zanen, baya baƙi ƙirin, a gaba rumman a fashe jawur, ga lemon tsami ruwan ɗorawa a kan shuɗin ƙyalle. Wallahi sai da na tsaya cak. Wannan kam Inna za ta gani.

Ina matsawa sai ga ɗan tsuntsu a gefen faranti. Inna ba ta rataya hoton abu mai rai a ɗakin da take salla.

"Lawban," na ce wa mai shagon, wato maigida, "wanda babu tsuntsu fa?"

"Meyo," in ji shi, wato babu. Ya miƙo waya tana fassara mini, wai masu aikin na asali da gangan suke sa tsuntsun.

"Kai, rabu da ni da masu asali! Uwarsu zan kai wa ko tawa?"

Ya yarda zai zana sabo, amma fenti ne na mai, sai an jira ya bushe. Na ɗaga tafiyata. Kullum ina ƙofar shagon ina dangwala gefen zanen da yatsa, yana kore mini hannu. Abinci ma ya daina shiga. Ƙanwata ta kira ta ce, "Yaya, ki taho. Jiya Inna ba ta gane mayafinta ba." Tsoro ya kama ni, na naɗe zanen da warin fentinsa na hau jirgi.

A tsakar gida na zaunar da Inna, inda rana ta fi haske. Ta kai fuskarta dab da zanen, ta ɗora yatsa a kan rumman.

"Ja ne nan, ko?"

"Ja ne, Inna!" Har da guɗata.

Ta ja yatsan zuwa kan lemon nan ruwan ɗorawa, ta daɗe a wurin.

"To 'yar nan, nan kuma me ya sa mai zanen ya bar shi ba komai?"