Abin da Ya Tsaya wa Wake-wake a Wuya

Goggo Tela ɗinki ne sana'arta, amma kaji ne jarabarta. Shekara talatin tana taka keke a ɗakin da ƙofarsa ke kallon akurki, kuma ba a taɓa ganin kaza ta yi atishawa ta ci gaba da ɗinki ba. Sai ta ɗauko ta, ta kara kunne a bayanta, ta buɗe bakin ta shinshina. Kashin kaji kuwa, kullum da safe tana tsugune da tsinke tana tona shi, kai ka ce ɗan kunnenta ne ya faɗa ciki.

"Kore ne ko fari? Da jini ko babu?" Haka take tarbar maƙwabta in sun kawo kaza. In hanci na yoyo, ido ya kumbura, ta ce mura ce, a ware ta. In zawo ne, har gida take bin mace ta duba kwanon ruwa, ta wanke ta tas: "Ke kanki za ki sha wannan ƙazantar?"

To, ran nan abin ya faɗo gidanta. Kaji biyu suka daina ci, sai miƙa wuya suke suna buɗe baki. Ɗaya ta mutu kafin azahar. Ɗayar ita ce Wake-wake, tattaɓa-kunnen kazar da mahaifiyarta ta bar mata, kuma ita kaɗai ta rage a zuri'ar.

Malam, mijinta, ya fito da wuƙa. "Annoba ce. A yanka ta kafin ta shafa wa sauran."

"Malam, don Allah ka ba ni zuwa la'asar."

"Au, likita ta kasa ke nan?"

"Zuwa la'asar dai."

Tsoro ya kama ta ƙwarai, amma ɗaurewar kai ta fi tsoron. Ta saurari ƙirji, shiru. Hanci a bushe, ido garau, kashi ko ɗigo babu. Wace irin mura ce ba majina? Ta shafa gindin wuya, inda abinci ke taruwa kafin ya wuce ciki. Kazar da ba ta ci ba tun jiya, sai ga wurin cike dam kamar lemo, bakin kuma yana warin tsami.

Ta ɗauko reza ta tsaga wuyan wadda ta mutu. Innalillahi! Ƙullin zare ne cuɗe da hatsi: ja, shuɗi, har da ruwan gwal na rigar da ta gama makon jiya. Sai ta tuna, tun da ƙafarta ta fara ciwo, a bakin ƙofa take tsayar da sharar ɗakin ɗinki, kuma daga zaune take watsa hatsi daidai wurin.

Ta ɗiga wa Wake-wake ɗan mai da ruwan ɗumi a baki, ta yi ta murza gindin wuyan a hankali, hawaye na zuba. Gab da la'asar ƙullin ya fara laushi, kazar ta yi kashi, da ɗan jan zare a ciki.

Malam ya leƙa. "Ikon Allah! Wa ya yi mata wannan aika-aikar?"

"Ni ce," in ji ta. Bai ƙara tsokanarta ba, ya mayar da wuƙar.

Yanzu akwai buhun tara guntayen zare ɗaure a ƙafar keken. Maƙwabta har yau suna zuwa, tana tambayar kore ne ko fari. Sai dai ta daina yi musu faɗa. Ƙasa-ƙasa take ƙarawa: "'Yar'uwa, me kike sharewa zuwa tsakar gida?"