Wanzamin da Ba Ya Tsayawa a Bayan Mutum

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Idi, wanzamin Dukawuya. Allah Ya jiƙansa. Ni na gaji zabirarsa, amma na daɗe ban gaji hannunsa ba.

Cikin masu zuwa aski zaurenmu akwai Malam Sabo, mai sayar da hatsi, wanda 'yan fashi suka taɓa tarewa a hanya, suka kwantar da shi da wuƙa a wuya. Ya dawo ko ƙwarzane babu, jama'a suka ce sai godiya. Amma tun daga nan ba ya yarda kowa ya tsaya a bayansa.

Baba kaɗai ke masa aski. Zai zaunar da shi yana fuskantar ƙofa, ya ajiye aska a kan tabarma inda zai gan ta, ya ce, "Malam, ta dama zan fara. In ka ɗaga hannu, na tsaya." Wata rana sai an tsaya sau biyar. Bai taɓa tambayarsa labarin hanya ba. Ni kuwa a lokacin ɓata lokaci na ɗauki abin.

Bayan rasuwar, Malam Sabo ya zo wurina. Na zagaya bayansa, na kunna injin aski, na dafa masa ƙeya. Ya zabura ya fita, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Bai ƙara yarda da wanzami ba. Gashi ya taru, yara suka fara nuna shi, ya daina fita kasuwa, daga baya har masallaci. A bana na ji 'yan'uwansa na shawarar a ɗaure shi a kai shi gidan magani, wai ya taɓu.

Ana cikin haka wata ma'aikaciyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta tara mu wanzamai a asibitin unguwa. Ta ce wanda ya ga tashin hankali, jikinsa ba ya mantawa. A nemi izininsa kafin a taɓa shi, a faɗa masa abin da za a yi, a bar masa ikon cewa a dakata, kar a matsa masa sai ya ba da labari. Da Baba na nan, da ya ce, "Yanzu wannan ma sai an jera mutane a benci?" Ni dai kunya ce ta kama ni.

Na roƙi 'yan'uwan su ba ni wata guda. Kowace Juma'a da hantsi nake zuwa zaurensa, in zauna a gabansa, in ajiye askar Baba a kan tabarma, mu yi hirar gero da dawa, in tashi. Abin da Baba ya bari ke nan, ba askar ba, jiran.

A Juma'a ta uku ya daɗe yana kallon askar. Sannan ya gyara zama ya fuskanci ƙofa, ya cire hularsa.

Ya ce, "Ta dama Idi ke farawa."