Cikin Jirgin Tuluna

Ni mutumin Gumel ne, ruwan da na sani a rijiya yake, sai an zura guga. Na yi shekaru ina karatu a Alƙahira, ina tsallake Kogin Nilu ta kan gada a ƙaramar bas, amma ban taɓa sa ƙafa a jirgin ruwa ba sai a wani hutu na lokacin zafi.

A ƙasan benen da muke haya a Giza akwai wani dattijo, Bahaushen Sudan, da nake kira Baba. Shi ne mai girki a wani jirgi da ke ɗauko tuluna daga kudu yana kai su ƙauyukan arewa. Wata rana ya tarar da ni a bakin ƙofa, zafi ya koro ni daga ɗaki.

"Gobe za mu gangara," in ji shi. "Ɗauko tabarmarka ka zo, ɗana. Yalla, tashi, littafi ba ya gudu."

Jirgin dogo ne, siriri, in na kwanta a gicciye sai ƙafata ta kusa taɓa ɗaya gefen. An jera tuluna cikin ciyawa tun daga goshinsa har tsakiya. A baya akwai ɗan ɗaki na katako inda mai jirgin, wanda kowa ke kira Rayyis, yake zaune da matarsa Hajja. A nan suka haihu, a nan suka aurar. Tana da tattabaru a keji da na'a-na'a da ta shuka a fasasshen tulu.

Da muka bi ta gefen unguwar Zamalek sai na ji garin ya yi shiru. Benayen da na saba gani suna nan, motoci na ta gudu, amma ƙararsu ba ta iso mu sai kaɗan-kaɗan. Muka shiga ƙarƙashin gada, hasken ruwa na rawa a jikin siminti, tsuntsaye sun yi sheƙa a lungunanta. Sau nawa na wuce ta sama ban san akwai wannan a ƙasana ba.

Arewa da birni kogin ya rabu, muka nufi wata hanyar ruwa da mutane suka haƙa da hannu tun zamanin da. Tafiyar ba sauri. Wani mutum a kan jaki ya wuce mu, ya yi mana sallama, ya ɓace. Ayaba da dabino a dama da hagu, ɓauna kwance cikin ruwa sai hanci kawai ake gani, balbela tsaye a bayanta. In kainuwa ta naɗe farfela, Rayyis ya kashe inji ya shiga ruwa ya cire, mu kuma mu sha shayi. Hukuncin salla a jirgi na karanta shi a aji, ranar na yi shi da jikina, jirgi na karkata ina gyara fuska zuwa alƙibla.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wurin da masu jirgi ke kira hawis. Wani ɗaki ne na dutse a tsakiyar hanyar, ba rufi, da ƙofar ƙarfe gaba da baya. Muka shiga, aka rufe ƙofar baya. Baba ya ba ni igiya da aka zagaya a wani turken ƙarfe a sama.

"Ka riƙa saki a hankali," ya ce. "Kada ka ɗaure."

Ban ji motsi ba. Bango kawai na ga yana tsawo. Dutsen da ke daidai kafaɗata ya koma saman kaina, wani ya fito jiƙe da gansakuka, ruwa na tsatsafowa daga tsaginsa. Sanyi ya taso, sama ta tsuke ta zama kamar ƙyalle shuɗi. Jirgi da kayansa da mu duka, ruwa na sauke mu a hankali kamar uwa na kwantar da jariri, tulu ko ɗaya bai ƙwanƙwasa ɗan'uwansa ba. Na ji bakina yana tasbihi ban san lokacin da na fara ba. Hajja kuwa tana zaune tana yanka lalo, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

Ƙofar gaba ta buɗe, ga gonaki kore shar har iyakar gani, ruwa daidai da ƙasa.

"Baba, ka saba da wannan?" na tambaye shi.

Ya karɓi igiyar yana naɗewa. "Da igiyar na saba. Ruwan kuwa har yau kallonsa nake yi."

Na zauna da su har tulunan suka ƙare. A kowane ƙauye mata kan sauko bakin ruwa, su ƙwanƙwasa tulu su kara a kunne kafin su zaɓa, ni ke miƙa musu. Daga ƙauyen ƙarshe jirgin ya juya kudu, ni kuma hutu ya ƙare. Na hau tudu da tabarmata, ƙasa na lilo a ƙarƙashina, dole na dafa wani dabino na jira ta tsaya.