Allon da Ke Kallon Titi

Ummuhani ba ta san zama ba. Shekara shida ina ɗinki a shagon da ke manne da nata a unguwar Banikanni, ban taɓa ganin ta shanye kofin shayi a zaune ba. 'Yar Djougou ce, jikar fataken goro. Aure ya kawo ta Parakou, ta buɗe shagon gyaran hoto da kwamfuta ɗaya da allo biyu. Ɗaya yana gabanta, ɗayan ta kafa shi a taga yana kallon titi, yana juya hotunan jarirai don jan masu wucewa.

Amma matan Djougou ne ke riƙe da shagon. Ranar lalle, in sun rufe ƙofa sun ajiye mayafi sun sha rawarsu, ba sa yarda namiji ya ga hoton. Sai su sa katin kyamara a ambulan, su ba direba ya kawo wa Ummuhani, don ita ta gida ce.

Wata Talata da hantsi aka ɗauke wuta aka dawo da ita. Kwamfutar ta tashi da nata ra'ayin, ta mai da allon taga shi ne babba, ba ta shawarci kowa ba. Ummuhani ta buɗe hotunan lallen 'yar Hajiya Adawiyya, ta danna don hoto ya cika allo. A gabanta ba abin da ya canza. Da mai haƙuri ne, da ya tsaya ya duba. Ita kuwa sai ta hau danna kibiya, tana tsaki, tana cewa injin ya daskare. Duk dannawa ɗaya, sabon hoto ne ke cika tagar.

Shirun 'yan babur ne ya sa na ɗago kai. Mutanen da ba sa rufe baki, ga su tsaye su bakwai sun zuba wa tagar ido. Na leƙa, na ga abin da suke kallo.

"Ummuhani, ekaran ɗin waje!" na ƙwala mata, ina nuna allon taga.

Ta fizge wayar har allon ya kife. Ta shiga kai da komo a shagon da bai fi taku huɗu ba. Na ce ta yi shiru, wa zai kai labari har Djougou? Kallon da ta yi mini ya sa na ji kunya.

Kafin azahar muna cikin motar Djougou, don ban iya barin ta ta tafi ita kaɗai ba.

Hajiya Adawiyya, tsohuwa mai kwarjini, ta saurare ta har ƙarshe.

"Har da ni a ciki?"

"Har da ke, Hajiya. Pardon, ki yafe ni, laifina ne."

Mu uku ne a ɗakin, duk mata, amma sai Hajiya ta jawo mayafinta ta rufe goshi.

"Shekara arba'in, Alhaji ma bai taɓa ganin ina rawa ba," ta ce a hankali. Ta miƙo hannu. "Ba ni katin, 'yata. Bikin autata Roukaya wata mai zuwa ne, kada ki jira katinsa."