Ofishin Mai Maɓalli a Shagon Aski

Wai Mai Maɓalli ta sayi jirgin ruwa har da matuƙinsa. Ƙarya ce! Allo ne aka zana mata jirgi a jiki, shi ma ya fi kama da kwalekwale.

Baiwar Allah ta gaji ne da dillalan da ke tsawwala mata maɓalli da zif, sai ta yi rajistar kamfani, ta nemi lasisin shigo da kaya da fitarwa. Aka ce jami'i zai zo ganin ofis, in babu ofis babu lasisi. Ita kuwa tebur kaɗai gare ta a bakin titi. Ta lallaɓa yayanta mai aski ya ara mata shago, aka share gashi, aka kafa allo.

Jami'i na zama a kujera, Yaya ya manta ya ɗaura masa ƙyalle a wuya. Mutumin ya kalli madubi ya ce, "To, rage gefen."

Lasisi dai ya fito. Ɗan kawunta ya tare ta: "Manyan attajirai! Me za a fara fitarwa?"

"Kai za mu fara fitarwa," ta ce. "Mai saye ne har yanzu ban samu ba."