Sallamar Baba da Tsohon Bankinsa

Mahaifina mai sayar da hatsi ne a kasuwar Mubi. Kakanmu ne ya taho daga ƙasar Katsina da fatauci, gari ya karɓe shi ya zauna; shi kuwa Baba a nan aka haife shi, a nan ya gaji rumfar da ake auna dawa da masara da wake. Ya buɗe asusu a banki a shekarar da aka raba Gongola aka ce mu 'yan Adamawa ne, kuma daga ranar bai taɓa leƙa ƙofar wani bankin ba. Zuwa banki a wurinsa kamar zuwa gaida surukai ne. Sai ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya shafa turare. In ya isa ya tambayi maigadi lafiyar iyali, sannan ya tsaya a layin wata kashiya 'yar Michika wadda ta san sa hannunsa ko daga nesa. Ko layinta ya fi na kowa tsawo, nan zai tsaya.

Yawancin waken da Baba ke sayarwa daga hannun mutum ɗaya yake fitowa, wani manomi Kirista daga Betso, dogo, mai faɗin tafin hannu. Bappa muke ce masa. Hausarsa irin ta mutanen dutse ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Tun ina rarrafe "ɗana" yake kirana, har na girma na zama malamar firamare bai sake ba. Baba yakan tsokane shi da cewa zai kai shi ajina a koya masa Hausa, shi kuma ya ce ai gara shi, tunda Baba a Mubi aka yanke cibiyarsa amma ko gaisuwa bai iya da yarensu ba.

Kowace ranar kasuwa Bappa yakan zo da buhunansa. Baba ya biya shi a hannu, Bappa ya ƙulle kuɗin a leda ya cusa a aljihun ciki, sannan su zauna a benci da kwanon kunu a tsakaninsu suna gardama kan ko damina za ta yi kyau. Idan aka kira azahar Baba ya tafi masallaci, Bappa ne ke tsaron rumfa. Awonsa kullum sai ya yi toro har yana zuba, shi ya sa wasu mata ke jiran lokacin salla kafin su zo sayen dawa. Baba ya sani, bai taɓa ce masa komai ba.

Sai shekarar da mutanen daji suka shigo gari da bindigogi. Ba na son tsawaita maganar wannan gudun. Mun fita da abin da ke jikinmu, muka bi ƙafa har cikin Kamaru, daga baya muka zagayo Yola muka raɓe a gidan wani ɗan uwan Inna. Duk tsawon zamanmu can, Baba kan je tasha ya tsaya yana tambayar duk wanda ya sauko daga wajenmu ko ya ji labarin mutanen Betso. Wayar Bappa ba ta shiga.

Da aka ce gari ya lafa muka koma. Rumfar Baba tana nan amma ba ko ƙwayar hatsi. Bankinsa kuwa bango kawai ya rage, baƙi ƙirin, rufin ya rufta ciki. Ina tare da shi ranar da ya je gani. Ya daɗe tsaye a inda maigadi ke zama, sannan ya ce mu tafi.

Bayan 'yan makonni Bappa ya bayyana a kasuwa, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa, yana tura keke da rabin buhun wake a baya. A kan dutse suka ɓoye, inji shi, kuma a can matarsa ta rasu, sanyi da rashin magani. Waken nan shi ne abin da ya binne a tukunya kafin su hau. Ban taɓa ganin Baba ya rungumi kowa ba sai ranar. Suka zauna a bencin, ba wanda ya yi maganar damina.

Kasuwa ta dawo a hankali, amma bankin Baba bai dawo ba. Ma'aikatansa suna Yola. Duk lokacin da Baba zai ajiye kuɗi ko ya ciro, sai ya yi sammako ya shiga mota, a sauke su a kowane shingen sojoji su taka da ƙafa hannu sama, ya kwana can, ya dawo da kumburin ƙafa. Ana haka wani bankin daban ya gyara gininsa ya buɗe a cikin gari, kuma aka fara cewa masu asusu a can suna iya tura kuɗi da ƙaramar waya, ba sai mai shafawa ba. Mu malamai da yawa muka koma can. Na yi wa Baba maganar, ya ce shi ba ya barin gidan da ba a kore shi ba. Mutanen nan gobara ce ta same su kamar kowa, ba zai zama shi ne ya juya musu baya ba. Na tambaya masa ko tsohon bankin na da irin wannan tsari na waya, aka ce tukuna, ana shiri.

Wata ranar kasuwa Bappa bai zo ba. Mako ya zagayo, shiru. Sai 'yarsa ta same ni a makaranta lokacin tara. Sa'ata ce, tana aiki a wani ɗakin shan magani, mun san juna sama-sama. Ta ce ranar da mahaifinta ya koma da kuɗin wake, wasu samari sun tare shi a 'yar hanyar ƙafa kusa da mayo, wato rafin da ake tsallakawa kafin a kai unguwarsu. Sun san ranar kasuwa ce, sun san abin da ke aljihunsa. Ya riƙe rigarsa, suka doke shi da gora a hannu har ya karye. Ya hana a gaya wa Alhaji, wato Baba, don kada ya ga kamar kuɗinsa ne ya jawo. Ta ce ta riga ta buɗe masa asusu a sabon bankin. Abin da take roƙo, in da hali, a daina ba shi kuɗi a hannu.

Na gaya wa Baba da yamma yana alwala. Ya gama ya tafi masallaci. Washegari ya rufe rumfa, ya ɗauki shatar keke napep zuwa inda hanya ta ƙare, ya ƙarasa Betso da ƙafa. Ya dawo da la'asar, ya gaya wa Inna cewa mai ɗori ya yi aiki mai kyau, kuma Bappa ya yi ta ba shi haƙuri kamar shi ne ya yi laifi. Sannan ya juyo gare ni ya tambaya me da me ake kaiwa sabon bankin.

Amma ya ce sai ya fara zuwa Yola ya yi sallama. Na ce ba a yin haka, mutum yana iya buɗe sabon asusu ya bar tsohon yana nan. Ya ce shi zai yi. Na ɗauki hutu na raka shi. Muka sami kashiyar nan a wani ɗan teburi a lungu, gashinta ya yi furfura. Da ta gan shi ta miƙe tsaye. Suka yi wa juna jaje, ta lissafa masa waɗanda suka rasu cikin ma'aikata da waɗanda suka bar aiki. Maigadin yana raye, yana noma a Gella. Sai Baba ya gyara zama, ya yi mata bayani tun daga farko, da waken, da hanyar mayo, da karayar hannu, kamar mai neman izinin ɗauke 'yarsa daga gidan riƙo.

Ta saurara har ya gama. Ta duba hagu da dama, ta jawo jakarta, ta fito da wayarta ta sunkuyo.

"Alhaji, ni kaina da wancan bankin nake tura wa mamana kuɗi a ƙauye. Ka je abinka, Allah ya sa albarka."

Baba ya yi dariya har hawaye ya fito masa. A mota yana ta maimaitawa, ashe ita ma.

Ranar da muka je sabon bankin, layi ya kai bakin titi, ana laluben kowa kafin ya shiga. Ba wanda ya san shi a ciki. Wata yarinya da ba ta kai ni shekaru ba ta ɗauki hotonsa, ta kama yatsunsa tana dangwalawa a kan ɗan gilashi mai haske. Yatsun Baba sun sha buhu da mudu har zanensu ya goge, sai da ta shafa masa mai ta sake gwadawa, ta sake. Yana ba ta haƙuri, tana ba shi. Kafin mu tashi ya tambaye ta 'yar wane gari ce, da ko iyayenta sun dawo lafiya. Ta tsaya da rubutu ta dube shi, ta ce mahaifinta bai dawo ba. Baba ya yi masa addu'a a nan gaban teburi, mutanen da ke bayanmu suka amsa da amin.

Koyon tura kuɗin shi ne aiki. Wayar Baba ƙarama ce mai tocila, lambobinta sun koɗe. Alamar farko da ake dannawa wajen tura kuɗi ya yarda tauraro ce, ta ƙarshen kuwa ya ce tsani ce, haka muka ci gaba da kiranta. Matsalar ita ce Baba ba ya gaggawa. Zai yi bisimilla, ya gyara tabarau, ya karanta abin da wayar ta rubuto, ya tambaye ni ma'anarsa ko da ya sani, kafin ya danna sai lokaci ya ƙare komai ya goge. Sai ya ajiye ta a tabarma ya ce wannan abu ba shi da ladabi. Muka yi kwanaki muna yi bayan la'asar, Inna na tankaɗe a gefe tana dariya ƙasa-ƙasa. Lambar sirri kuwa, da na ce kada ya gaya wa kowa har ni, sai ya riƙa juya mini baya in zai danna, yana faɗinta a fili.

Bappa ya dawo kasuwa da hannu rataye a wuya. 'Yarsa ta sa an kawo waken a keke napep tun da safe. Aka auna, aka yi ciniki, suka zauna a benci kafaɗa da kafaɗa. Na zo daga makaranta don in tsaya a kusa, amma Baba ya ce in matsa, shi zai yi. Ya danna tauraro, ya bi a hankali har tsani. Can sai waya ta yi ƙara a aljihun Bappa. Ya ciro ta da hannun hagu ya miƙo mini.

"Ɗana, duba mini. Ya shiga?"

Na ce ya shiga. Ya karɓa ya daɗe yana kallon rubutun, ya shafa aljihun cikin da babu komai. Sannan ya ce, to, yanzu kenan ba sai ya riƙa zuwa ba, buhu ya taho a mota, kuɗi ya tafi a iska.

Na ga fuskar Baba ta canza. Ya sa wayar a aljihu, ya jawo kwanon kunu ya tura gabansa.

"Wa zai tsare mini rumfa in na tafi salla?"

Bappa ya ce gaskiya ne, wannan kam waya ba zai iya ba.

Ya ci gaba da zuwa, har ranakun da ba shi da abin sayarwa. Yanzu yana tafe hannu sake, in an tare shi ma ba abin ɗauka, kuma da labari ya bazu cewa manoman wajen sun daina yawo da kuɗi, tare mutane a hanya ya ragu. Wasu 'yan rumfunan hatsi suka riƙa zuwa wurin Baba ya nuna musu yadda ake yi, yana koya musu da tauraro da tsani, yana yi musu faɗa in sun yi nawa.

Da damina ta yi tsakiya, wata ranar kasuwa mayo ya cika ya hana tsallakawa. Wake ya riga ya iso tun kafin ruwan, Baba ya tura kuɗin, ya zauna shi kaɗai a benci. Ina nan ina taya shi ɗaure bakin buhu sai wayarsa ta yi ƙara. Bappa ne. A unguwarsu ba a samun sabis sai an hau wani dutse a bayan coci, can ya hau da hannunsa da bai gama warkewa ba, don ya ce saƙo ya iso. Daga nan suka shiga gardama, Baba na cewa ruwan bana zai lalata wake, Bappa na cewa ɗan kasuwa me ya sani game da ruwa. Ina jin muryarsa tana fita daga 'yar wayar tare da iska. Suna tsaka da haka katin Bappa ya ƙare. Baba ya kira, nasa ma babu ko sisi.

Ya dubi titi, mai sayar da kati ya rufe saboda yayyafi. Na ce masa ai ana iya sayen kati daga asusun, ta wayar. Ya ce me ya sa ban taɓa gaya masa ba, in zo in nuna masa maza kafin mutumin nan ya sauko daga dutse. Wannan karon bai tsaya karanta komai ba. Ya danna, ya kira, aka ɗauka a bugun farko, ya ce, "Ina muka tsaya?"