Tsakon da Ka Bar Mini a Ƙarƙashin Gado

Ranar Talata, tara ga watan Rajab, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Jikana, maigidana na wasa, wanda unguwa ke kira Mai Batir, ya rasu a asibiti bayan 'yar gajeriyar jinya. Wanda ya ba mu shi ne ya karɓe shi, mu ma can muka nufa. Ni ban iya rubutu ba, ƙanwarsa ce ke riƙe da biro, na kuma ce mata yadda magana ta fito daga bakina haka za ta sa.

Maigida, da kai nake. Mutane suna ta zuwa suna cewa kai mutumin kirki ne, ni kuwa ina ce musu kai ɗan sa-ido ne, sai su yi dariya da hawaye a fuska.

Tun da likita ya ce ƙirjina ya gaji, sai da injin iska zan riƙa numfashi sosai, kowa ya shiga damuwa, don in an ɗauke wuta injin ya tsaya ke nan. Washegari ka shigo da wani baƙin akwati mai nauyin tsiya, ka tura shi ƙarƙashin gadona. Ka ce ku a wurin aiki yufiyes kuke ce masa, yana ajiye wuta a cikinsa, in an ɗauke sai ya ci gaba da ba injina. Ni dai da na ji kukansa, tsit-tsit, na raɗa masa suna Tsako. Ka ja masa wata siririyar waya, ka ce da ita zai riƙa kawo maka labari ta intanet har ofis. Na ce to, a raina ina cewa yaro ya yi karatu har ya zarce.

Ban wuce mako ba na ga Tsako tsirara a ƙasa, ƙura na hawansa, na ɗauko tsohon zanena na lulluɓe shi. Ban gama shan shayi ba waya ta yi ƙara. Ka ce, “Amarya, cire wa Tsako mayafi, zafi yake ji.” Na leƙa taga, na leƙa bayan ƙofa. Ranar ƙanwarka ta sha faɗa, na ce ita ce mai kai tsegumi. Wata rana kuma na jona butar dafa ruwa a jikinsa, ko ɗumi ruwan bai yi ba ka kira, wai na ɗora wa Tsako kayan da ya fi ƙarfinsa. Na ce maka auren nan da sake, miji yana wata unguwa amma ya san lokacin da matarsa ta ɗora ruwa.

Da gardamata ta yi yawa ka ɗauke ni a mota ka kai ni ofishinku. Ɗaki ne mai sanyi har cikin ƙashi, da wani ƙaton allon kwamfuta cike da ɗigo-ɗigo kore. Ka nuna mini: wannan akwatin asibiti ne, wannan na banki, wannan na kantin magani da ke bakin layinmu. Duk wanda aka ɗauke wa wuta, ko batirinsa ya fara tsufa, sai ɗigonsa ya koma ja, ku tashi. Can ƙasa a kusurwa ka ɗora yatsa ka ce ga ni nan, kun rubuta Amarya. Abokiyar aikinka, doguwar nan da kuke ce wa Injiniya, ta ce ai duk ofis ni ce na fi ba su aiki. Na ce mata to a fara biyana albashi.

Daga ranar na samu hanya. In na kwana biyu ban ji muryarka ba, sai in miƙa hannu in zare wayar wutar Tsako daga bango. Ya fara tsit-tsit, ni kuma in gyara zama in jira. Kana kira abin da kake fara cewa shi ne, “Wuta aka ɗauke, ko hira ake so?” Ka san amsar, don ɗigon mai kantin magani yana nan kore, alamar akwai wuta a layi. Amma ba ka taɓa ƙin kira ba. Sai mu yi ta zuba, in zagi askin da ka yi, ka ce zan ga kishiya, sannan ka ce in mayar da waya kada Tsako ya ji yunwa.

Akwai ranar da ba ta wasa ba. Ka shigo da rana tsaka, gumi sharkaf, da sabon batir a kafaɗa. Ni ban ga komai ba, Tsako lafiyarsa ƙalau a idona. Ka ce ka gani a allo batirinsa ya daina riƙe wuta. Bayan la'asar aka yi iska mai ƙarfi, turken wuta ya faɗi, unguwa ta yi ɗif har washegari. Injina bai tsaya ba. Numfashin da nake wannan magana da shi, bayan Allah, kai ne sila.

Shi ya sa bayan an watse daga zaman makoki tsoro ya kama ni. Ina kallon Tsako ina cewa yanzu in ya yi kuka wa zai ji, in batirinsa ya mutu wa zai sani kafin ni? Shekaranjiya da safe, ina zaune ni kaɗai, hannuna ya tafi bango da kansa ya zare wayar. Tsako ya fara kuka, ni ma na taya shi.

Sai waya ta yi ƙara. Muryar mace ce, Injiniya. Ta ce, “Kaka, wuta aka ɗauke, ko hira ake so?”

Ta ce kana gadon asibiti ka damƙa musu ɗigona, ka ce a kula da batir, kuma in ya yi ja ko da akwai wuta a layi, a kira, kada a tsawata mini. Na share ido na ce mata hira ake so. Muka yi ta hirarka har shayina ya huce.

Allah ya jiƙanka, Maigida. Yadda ba ka bar ni cikin duhu ba, Allah ya haskaka kabarinka, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta. Ina yi wa uwarka, 'yata, ta'aziyya, da matarka mai haƙuri, da 'ya'yanka, da ƙannenka, da mutanen ɗakin nan mai sanyi. Allah ya ba mu haƙuri, ya raya abin da ka bari, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Wayar Tsako na mayar, kada ka damu.